Kindle ko tabilet: tambayoyi da amsoshi ga mai son karanta littafi a na'ura

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi a kan na'urar karatu mai baƙi da fari irin su Kindle da Kobo, da kuma tabilet mai kala irin su iPad da Samsung da sauransu. Tun daga farko bari in faɗi inda na tsaya: kafin ka tambayi wacce ta fi, ka fara duba abinda kake karantawa a kullum, domin shine zai yanke maka hukunci, ba sunan kamfani ba.

Wai menene ainihin bambancinsu, ba duk sikirin bane?

A'a ba ɗaya bane ko kaɗan. Sikirin ɗin tabilet irin na wayarka ne, akwai fitila a bayansa ko kuma shi kansa ne yake fitar da haske, kuma yana ta sabunta hoton sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya ko da kuwa kana kallon shafi ɗaya ne baka taɓa komai ba. Ita kuma na'urar karatu tana amfani da wani abu da ake kira E Ink, wato tawada ta lantarki. A ƙarƙashin gilashin akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, kowacce a cikinta akwai ɗigon baƙi da ɗigon fari suna yawo a wani ruwa, idan aka turo wuta ta wani gefen sai baƙaƙen su taso sama, idan aka juya sai fararen su taso, da haka ake zana harafi. Da zarar sun zauna shikenan, basa buƙatar wuta don su cigaba da zama a wurin. Shiyasa zaka ga Kindle a kashe amma hoto yana nan a fuskarta, har wanda bai sani ba ya ɗauka sitika aka manna.

Fasahar daga jami'ar MIT ta Amurka ta fito, aka kafa kamfanin E Ink a 1997, daga baya wani kamfanin Taiwan ya saye shi a 2009. Sony ne suka fara fitar da na'urar karatu da ita a Japan a 2004, sai Amazon suka zo da Kindle a watan Nuwamba 2007 a kan dala 399. iPad kuwa sai 2010 ta fito, kuma tun lokacin ake wannan muhawarar.

Da gaske ne ana yin sati-sati ba'a yi mata caji ba?

Gaskiya ne, amma a fahimci yadda ake lissafin. Idan Amazon suka ce makonni kaza, suna nufin mutum yana karatu kamar rabin awa a rana, ya kashe wifi, kuma bai ƙure hasken ba. Wanda yake zama ya cinye littafi guda a rana ba zai kai wannan adadin ba, amma duk da haka kwanaki zai yi masu yawa, alhali iPad abinda Apple da kansu suke faɗa shine kamar awa 10. Dalili kuwa shine wanda na faɗa a sama, na'urar karatu bata jan wuta sosai sai lokacin da ka juya shafi ko ka kunna fitilarta.

Toh ga mu da muke zaune inda za'a ɗauke wuta tun safe ba'a dawo da ita ba sai tsakar dare, wani lokacin ma tiransifoma ta lalace unguwa tayi wata a duhu, wannan ba ƙaramin abu bane wallahi. Idan wuta tazo waya ake fara jonawa, da fitila, da fanka mai caji, da fawa bank, tabilet ita ma ta shiga layi tana jira, kuma batirinta babba ne bata cika da wuri ba. Kindle kuwa ko ƙaramin fawa bank ya isheta ya cikata har ya rage. A wajena wannan shine babban abinda take da shi a ƙasarmu, ya fi duk sauran nauyi.

Idona yana ciwo da ruwa in na daɗe a kan waya, Kindle zata magance min?

Zata iya ragewa, amma ba magani bace. Fitilar da ke jikin Kindle Paperwhite, wadda ta fara fitowa a 2012, a gefen gilashin take, tana watsa haske a saman shafin ne sannan ya dawo idonka, ba daga baya take harbo shi kai tsaye ba, kuma da rana zaka iya kasheta gaba ɗaya kayi karatu da hasken ɗaki. Mutane da yawa suna jin sauƙin hakan. Sai dai wani ɓangare na gajiyar ido daga rashin ƙiftawa yake zuwa da kuma ƙura wa abu ido a kusa na tsawon lokaci, wannan ko littafin takarda ne zai iya jawo maka. Ka riƙa ɗaga kai lokaci-lokaci kana kallon nesa, ka ƙara girman rubutu, idan tabilet ce ka rage haskenta ya daidaita da na ɗakin. In ciwon yaƙi tafiya dan Allah aje asibitin ido a gwada, wataƙila gilashi ake buƙata.

Karatun dare fa, ance haske yana hana barci?

Akwai bincike a kan haka da aka yi a wani asibiti da ke haɗe da jami'ar Harvard a Boston, aka fitar a ƙarshen 2014. Mutum 12 aka sa suna karatu a iPad na tsawon awa 4 kafin barci, dare 5 a jere, sannan aka gwada su da littafin takarda. Da iPad ɗin sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, sinadarin da ke kawo barci wato melatonin ya ragu, kuma da safe sun fi jin kasala. Amma a lura, mutanen kaɗan ne kuma haske a ƙure aka saka musu, ba kowa ke karatu haka ba. Duk da haka ga mai son tashi sallar asuba da ƙarfinsa ni shawarata idan karatun kwanciya ne a yi shi a na'urar karatu da haske ƙasa-ƙasa, yawancin sababbin ma suna da haske mai ja-ja da yafi daɗi da dare. Kuma baka damun wanda kuke ɗaki ɗaya.

Ni littattafan Hausa nake karantawa, na WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks. Wacce zan saya?

Yauwa 'yar uwa, nan ne maganar take, kuma nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Kindle da Kobo basa ɗaukar manhajojin Android, babu WhatsApp, babu Telegram, babu Wattpad, babu ArewaBooks a ciki. Idan marubuciyar da kike bi tana sakin labarinta ne shafi-shafi a guruf, yau feji kaza gobe feji kaza, ana ta sharhi a ƙasa ana jiran ci gaba, toh Kindle bata da amfani a wannan karatun, domin rabin daɗinsa ma a cikin hirar guruf ɗin yake. Tabilet ko wayarki ce zata yi miki.

Amma idan cikakken littafi kike saya a wajen marubuciya a turo miki shi a dunƙule, a matsayin dokumen na Word ko rubutu zalla, wannan zai shiga Kindle lafiya lau. Akwai hanyar Send to Kindle, ki tura ta imel ko ta manhajar wayarki ya sauka a na'urar, kuma tun 2022 tana karɓar EPUB, wato wani tsarin littafin lantarki. Ko ki haɗa da kwamfuta ta kebul ki kwafa, akwai wata manhaja kyauta mai suna Calibre da take juya littafi daga wani tsari zuwa wani. Aiki ne ɗan kaɗan amma da an saba shikenan. Sai dai ina roƙo, littafin da aka saya don mutum ɗaya kar a riƙa yaɗa shi guruf-guruf, marubutan nan dare suke rabawa suna taipin a waya da datarsu, haƙƙi ne.

Akwai kuma hanya ta uku, na'urorin Onyx Boox, su sikirin ɗinsu E Ink ne amma Android ce a ciki, kina iya saka manhajoji. Suna da tsada, batirinsu baya kai na Kindle, kuma manhajar da ake jan shafi sama da yatsa bata tafiya sumul a irin wannan sikirin.

Ɗalibi ne ni, handawut da PDF ne karatuna. Kindle zata yi?

Gaskiya a'a, kar ka saya don wannan. PDF an ƙera shi ne da girman shafi tsayayye, yawanci A4, rubutun baya sake jeruwa ya bi girman sikirin. Ka ɗauki shafin A4 ka matse shi cikin sikirin inci 6 ko 7 sai rubutun ya koma ƙanana sosai, in ka zuƙo shi kuma sai ka dinga ja hagu da dama, ita kuma E Ink a hankali take motsi, kowane ja sai ta ɗan yi walƙiya baƙi sannan ta daidaita, kafin ka gama shafi biyu ranka ya ɓaci. Balle ma irin handawut ɗinmu da wani ne ya ɗauki hoton fotokwafi da waya, shafin a karkace, gefe ɗaya da inuwar hannu, aka haɗa aka turo guruf ɗin aji. Wannan sai tabilet mai inci 10 ko sama.

Idan kuma likitanci kake karanta ko injiniyanci ko ilimin ƙasa, inda jan layi jijiya ce daban shuɗi kuma daban, ko taswira mai launuka, ai magana ta ƙare, baƙi da fari zai ɓatar da kai ne. Kindle matakin toka-toka 16 kawai take nunawa tsakanin baƙi da fari. Ga kuma bidiyon darasi a YouTube, ga aji ta Zoom, duk tabilet ce. Akwai manyan na'urorin E Ink kamar Kindle Scribe mai inci 10.2 da ta fito a 2022 da alƙalaminta, tana ɗaukar PDF da kyau, amma kuɗinta zai saya maka tabilet mai kyau har ka samu canji.

Alƙur'ani da littattafan addini na Larabci fa?

Ya danganta da irin su. Kindle tana karanta Larabci, tun 2018 Amazon suka saka littattafan Larabci a shagonsu, rubutu yana tafiya daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. Matsalar itace yawancin manyan littattafan da ɗalibanmu na ilimi suke saukewa, tafsiri ne ko fiƙihu ko hadisi, hoton bugun takarda ne aka mayar PDF, mujalladi-mujalladi, ga matani a sama ga sharhi a ƙasa ga hashiya da ƙananan haruffa a gefe. Wannan ya koma matsalar da na faɗa yanzu, ƙaramin sikirin bazai ɗauka ba, wasullan ma bazaka gansu da kyau ba. Sannan mushafi mai launukan tajwidi, inda launi ke nuna maka madda ko gunna ko ƙalƙala, idan ka saka shi a baƙi da fari duk launukan sun zama toka, amfaninsu ya tafi. Manhajojin da kake taɓa aya kaji ƙira'a, ko ka nemo kalma ɗaya cikin ɗaruruwan littattafai irin Shamela, suma sai Android ko iPad. Don haka malam, idan wannan ne karatunka tabilet zaka nema. Fassara ko littafin tarihi da sira da aka buga a rubutu zalla kuwa, wanda zaka bi daga farko zuwa ƙarshe, yana daɗi sosai a Kindle.

Haruffanmu masu ƙugiya suna fitowa?

Suna fitowa idan salon rubutun da ka zaɓa yana da su. Wani lokaci zaka ga ɗ ko ƙ ko ɓ ta fito da siffa daban da sauran haruffan ko ta zama ɗan akwati, sai ka canza salon. Kindle da Kobo duk suna bari ka saka naka, ka buɗe jakar fonts ta kwamfuta ka zuba, irin su Charis SIL da Noto suna da haruffan Hausa cikakku kuma kyauta ne.

Naji yanzu akwai Kindle mai kala, ba shikenan ta haɗa duka biyun ba?

Akwai, Kobo sun fitar da Libra Colour da Clara Colour a 2024, Amazon suka biyo da Kindle Colorsoft a ƙarshen shekarar. Amma kar ka sa ran kalar iPad. Abinda aka yi shine an ɗora wani siririn matacin launi a saman sikirin baƙi da farin, launuka 4,096 yake bayarwa alhali tabilet miliyoyi take nunawa, kuma kaifin hoton yana raguwa rabi, rubutu baƙi yana kan ɗigo 300 a inci amma kala 150 ce. Kalar a dishe take kamar ta jaridar da ta kwana biyu a rana. Sannan saboda matacin nan farin shafin yana ɗan yin duhu fiye da na mai baƙi da fari, sai ka riƙa ƙara haske. Tana da kyau ga bangon littafi, da ja wa layi launi, da littafin zane-zane. Amma ni a ganina wanda rubutu zalla yake karantawa ya ƙara kuɗi ne ya sayi shafin da bai kai na mai araha haske ba, wanda kuma kala yake buƙata da gaske bata ishe shi ba.

A waje cikin rana fa, ko a mota?

Nan Kindle tayi nisa. Duk yadda rana ta ƙara ƙarfi rubutunta ƙara fitowa yake, tabilet kuwa fuskarka kawai zaka dinga gani a gilashi sai ka ƙure haske batir ya zube. Ga rashin nauyi, Paperwhite giram 200 da ɗan wani abu ce, iPad ta kusa rabin kilo, a doguwar tafiya kamar Kano zuwa Abuja hannu zai gaya maka bambancin. Paperwhite daga ta 2018 zuwa sama bata jin ruwa. Abu ɗaya dai, zafi. Duka biyun kamfanoninsu sun ce ayi amfani dasu tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40, don haka kar a barsu a cikin mota a rufe ko a kan taga.

Yarana nake son su saba da karatu, wacce zan basu?

Ƙananan da basu fara haɗa baƙi sosai ba hoto mai launi ne yake jansu, su littafin takarda ya fi musu komai, in babu sai tabilet amma kina zaune tare dasu. Wanda ya kai ajin ƙarshe na firamare zuwa sakandare kuwa ni Kindle zan ce Hajiya, saboda babu gem babu katun babu TikTok, in ya ɗauka karatu ne kawai zai yi ko ya ajiye, kuma in ya haɗu da kalmar Turanci mai wuya ya danna ta ƙamus ya fito masa ba tare da data ba. Ba sabon abu bane a Afirka ma, ƙungiyar Worldreader tun 2010 ta fara raba Kindle a makarantun Gana saboda wannan dalilin na batir da yawan littattafan da take ɗauka. Kawai a saka mata riga mai murfi, sikirin ɗin E Ink siririn gilashi ne a ciki, in aka zauna a kai ko aka danne ta a jakar makaranta ya tsage ta ciki, kuma samun mai gyara a nan yana da wuya.

In na sayi littafi a Amazon ya zama nawa har abada?

Ba kamar na takarda ba. Yawancinsu suna da makulli da ake kira DRM, izinin karantawa ka saya, a Kindle ko manhajar Kindle kawai zai buɗu, bazaka iya kaishi Kobo ba ko ka bawa aboki aro yadda kake so. A 2009 Amazon sun taɓa goge wasu littattafan George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, suka mayar musu da kuɗi, akayi ta surutu har shugaban kamfanin ya bada haƙuri. A Fabrairun 2025 kuma suka cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don ajiya. A gida ma munga OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Wannan matsalar bata bar tabilet ba, duk littafin da yake zaune a cikin manhajar wani kamfani haka yake. Shiyasa duk wanda ka samu a buɗe ba makulli, ka ajiye kwafinsa a kwamfuta ko memori. Kuma kafin ka dogara da shagon Amazon ka tabbatar katin bankinka yana biyan dala, in baya yi akwai dubban tsofaffin littattafai kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg da zasu riƙe ka.

Zan sayi ta hannu a kasuwa, me zan duba?

Na farko ka tabbatar Kindle ɗin ce ta karatu, domin akwai Kindle Fire wadda Amazon suka fitar a 2011, ita tabilet ce mai kala kamar kowacce, daga baya ma suka cire mata sunan Kindle ta koma Fire kawai, amma har yanzu masu shago a irin su Farm Centre ko Computer Village suna iya ce maka Kindle ce. Kuma ita Fire ɗin bata zuwa da Play Store. Na biyu ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai layi ko wani gefe da ya daskare baya canzawa, wannan tsagewa ce ba gyara. Ɗan inuwar rubutun shafin baya da ke ɓacewa bayan walƙiya kuwa ba matsala bane, haka suke. Na uku ka jona wifi a nan gaban mai shagon ka gwada shiga da akawun ɗinka, domin wadda aka kai rahoton sata ko ɓata Amazon suna toshe ta bata karɓar rajista. Ka kunna fitila ka ƙure ka ga ko hasken ya bazu daidai. Ka duba bakin caji, Paperwhite daga ta 2021 ne take da USB-C, na baya tsohon ƙaramin baki ne.

Toh wai wayata bata isa ba, sai na ƙara kashe kuɗi?

Ta isa mana, akwai manhajar Kindle da Moon+ Reader da ReadEra duk a waya, kuma mafi yawan masu karatun Hausa a yau a waya suke yi, babu aibu. Idan kuɗin na'urar zai taɓa cefane ko kuɗin makaranta a barshi. Abinda waya da tabilet suke kasa baka shine natsuwa, kana tsakiyar babi saƙo ya faɗo, ka ce bari in duba ɗaya, sai ga awa ta wuce kana cikin sitatus ɗin mutane littafin yana nan inda ka barshi. Ga gwaji mai sauƙi kafin ka sayi komai: ka sauke littafi ɗaya mai tsawo a waya, ka saka ta a yanayin jirgi duk lokacin da zaka karanta, ka ga ko zaka kai ƙarshensa. In ka kai kuma kana neman wani, kuma abinda ya dame ka shine batir da ido da kiran da ake ta yi maka, toh ka fara tara kuɗin Paperwhite ko Kobo Clara mai baƙi da fari. In kuma ka duba jakar da kake sauke abubuwa ka ga PDF ne suka cika ta, ka nemi tabilet mai inci 10 da batir mai kyau, ka cire mata WhatsApp.